Sarƙar Yaya Ɗanliti

Masu karatu, ku yi haƙuri da shirun da kuka ji. Wasu sun biyo ni ta waya suna tambaya ko rana aka sa shi ya sa na ɓuya, wata ma cewa ta yi in turo mata kalar anko. 'Yar'uwa, adana kuɗinki. Rabona da cin abin kirki har na manta, kuma ba don na yi muku alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba, da wannan kashi na labarin a cikina zai ruɓe.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu, sunana Ummulkhairi, a gida Khairi. A Shagari nake, ina koyar da 'yan mata a Islamiyyar da mahaifina ya bari. Tun rasuwarsa mu uku muka rage a gidan: ni, da mahaifiyarmu Inno, da yayana Ɗanliti, wanda da kabu-kabu, wato acaɓa, yake ciyar da mu. Mai nemana kuwa Ja'afar ne, ɗan Bodinga, ma'aikacin lafiya da aka turo wajenmu yana bin ƙauyukan Kajiji da Lambara da allurar rigakafi. Dogo ne, siriri, mai kunyar tsiya. In yana gaida Inno sai ka rantse wani abu ya yar a ƙasa yake nema. Ina yi masa tsiya a kan haka, amma Allah ya sani kunyar nan ce ta fara kama ni.

Inno ta yarda da shi, Yaya Ɗanliti ma haka. Saura mutum ɗaya, Bappa Hamza, ƙanen mahaifina, wanda shi ne waliyyina. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, a cikin birnin Sakkwato yake zaune, kuma a danginmu in ya ce a'a, magana ta mutu. Inno tana shakkarsa ba kaɗan ba. Kullum tana ba mu labarin wani saurayi da ya taɓa zuwa neman babbar 'yar Bappa, ya tuƙo babur har bakin ƙofa ya danna hon, Bappa ya leƙo ya ce a gaya masa gidan nan ba tasha ba ce. Shekarun abin sun fi goma, amma a wajen Inno kamar jiya aka yi. Ita kanta ta daɗe ba ta taka birnin ba.

Da Bappa ya aiko cewa Ja'afar ya je ya gaishe shi ranar Asabar da hantsi, gidanmu ya ɗauki zumuɗi. Matsalar ɗaya ce: mashin ɗin Ja'afar. Tsoho ne tukuf, hayaƙi yake kamar murhun ɗanyen itace, kuma yana tofar da baƙin mai a ƙafar wando. Yaya Ɗanliti da bakinsa ya ce ba zai bar surukinsa ya je gaban Bappa yana warin mai ba, gara ya ara masa nasa mashin.

Sai kun san mashin ɗin nan za ku gane girman wannan magana. Ja ne, yana sheƙi, gonar gadonsa Yaya ya sayar ya saye shi. Kafin ya wanke fuskarsa da safe ya wanke shi. Ko ni ban isa in jingina da shi ba. Yana da wata sarƙa mai kauri da ya zura cikin tsohon tiyub na keke don kada ta kankare fenti, da ƙaton kwado a bakinta. A Shagari dariya ake masa, don a nan mutum yana barin mashin da makulli a jiki ya shiga masallaci ya fito ya tarar da abinsa. Shi kuwa ko ruwa zai sha sai ya ɗaure. In an tsokane shi sai ya ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ranar Asabar Ja'afar ya iso da sassafe. Ta bayan labulen zaure na leƙa shi: farar shadda mai aikin zare ruwan toka a wuya, hula ƙube, baƙin takalmi sau-ciki da ya sha goga. Turarensa har tsakar gida. Zuciyata ta ce, Khairi, kin yi dace.

Yaya ya tsayar da shi gaban mashin kamar ɗalibi.

"Malam Jafaru, ka jiya? Birni ba Shagari ba na. Makullin wuya wasan yara na, da ƙahwa guda suka karya shi. Ka sa sarƙag ga ga tayar baya, ka haɗa ta da turken ƙarhe. In babu turke, ka shiga da shi zaure. In an hana ka, ka aje shi inda idonka ka ganin shi."

Ya ƙara da cewa ya rufe mai, ya cire hular fulogi ya sa a aljihu, kuma kada ya yarda da lungu ko da inuwarsa ta fi ta ko'ina sanyi. Ja'afar yana ta gyaɗa kai. Yaya ya naɗe sarƙar a kariyar bayan mashin, ya miƙa makullai, ya shafa tankin kamar mai sallama da ɗa, ya wuce kasuwa a ƙasa.

Daga nan Inno ta yafa mayafi ta fita zaure, ta ce in koma ciki, ba kyau yarinya ta tsaya ana maganarta. Na koma ɗaki ina jin muryarta ƙasa-ƙasa, ta daɗe tana magana, ba na jin me take cewa. Na ɗauka addu'a take masa. Da ta shigo na ga ta rungumo wani abu a cikin mayafin, ta wuce ɗakinta kai tsaye. Na ce a raina goro ne ya kawo mata, har na yi murmushi.

Da na ji tashin mashin na tura masa saƙo: "Allah ya tsare. Kar ka manta da karatun Yaya." Ya amsa daga Bodinga, inda ya tsaya gaida mahaifiyarsa: "In sha Allahu, Khairi." Shi ke nan. Ja'afar da ke cika min waya da zance, yau kalma huɗu. Na ce fargabar Bappa ce.

A gidan Bappa ina da 'yar rahoto, Basira, autarsa, ƙawata tun muna yara. Ina tankaɗen gari wayar tana kan cinyata, saƙonta ya shigo.

"Ya iso. Kai, Khairi, wannan shadda! Amma a ƙasa ya zo, ina mashin ɗin da kika ce?"

Na rubuta mata ƙila yana waje. Ban kawo komai a raina ba.

"Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa. Ya ƙi hawa kujera."

"Baba yana tambayarsa iyayensa. Ashe ya san kakansa a Sifawa."

"Khairi, Baba ya yi dariya. Ya ce a dama fura a kawo a kwanon manyan baƙi."

Masu karatu, na ajiye rariya na shiga ɗaki na yi sujada. Na fito na gaya wa Inno, ta ɗaga hannu sama tana hamdala, ta ce ai ta san ladabi ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ranar har waƙa na yi ina wanke-wanke, ni da ban iya waƙa ba.

Sai waya ta yi shiru. Azahar ta yi, ba Basira ba Ja'afar. Na kira shi, tana shiga ba ya ɗauka. Can sai ga saƙon Basira: "Kina kusa da Inno? Ki matsa gefe in kira ki."

Na zaga bayan rumbu. Ta ce Bappa da kansa ya rako Ja'afar waje, abin da bai taɓa yi wa wani saurayi ba, ya tambaye shi ina abin hawansa. Ja'afar ya ce yana can baya kaɗan. Suka taka tare har kwanar layin, bayan katangar wani shago da ke rufe, ƙarƙashin dogonyaro. Babu komai a wurin sai sawun taya. Mai shayin tsallaken titi ya ce ya ga samari biyu suna tura wani jan mashin tun ɗazu, ya ɗauka mai ne ya ƙare musu, har sannu ya yi musu.

Abin da ya fara zuwa raina ba aure ba ne, fuskar Yaya ce.

Bayan la'asar Ja'afar ya sauka daga motar haya. Farar shaddar ta koma ruwan ƙasa, don ya zaga ofishin 'yan sanda da tashoshi da wajen masu sayar da kayan gyara. Ko'ina amsa ɗaya: ya yi haƙuri, irin wannan kafin rana ta faɗi an kwance shi gunduwa-gunduwa, ko an tsallaka da shi iyaka. Yaya yana zaune a dakalin ƙofar gida, labari ya riga ya same shi a kasuwa. Ni ina bayan ƙyauren zaure.

Ja'afar ya durƙusa a gabansa, ya sa hannu a aljihu ya fito da makullai da hular fulogi, ya ajiye a kan dakalin. Yaya ya daɗe yana kallonsu.

"Ka ɗaure shi?"

"Ban ɗaure ba, Yaya."

"Ka aje shi inda kaka ganin shi?"

"A'a."

"Don mi?"

Ja'afar ya sunkuyar da kai. "Laihina na."

Yaya ya sake tambaya, ya sake, amsar ba ta canza ba. Na so ya yi faɗa, ya yi zagi, ko ya ɗaga hannu, da abin ya fi sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce kawai, mutumin da ke yawo ƙauye-ƙauye yana gaya wa mata rigakafi ya fi magani, ashe a baki ne. Ya tashi ya shige ciki ya wuce ni kamar bai gan ni ba. A tsakar gida Inno ta bar daka a turmi, ta ce kanta ke ciwo, ta shiga ɗaki ta ja labule.

Washegari Ja'afar ya turo tsohon mashin ɗinsa har ƙofar gidanmu, ya ce Yaya ya riƙa lallaɓawa da shi kafin Allah ya hore masa ya sayi wani. Shi ya koma bin ƙauyuka a ƙasa da akwatin allura a kafaɗa, cikin taɓon damina. Yaya ko kallon mashin ɗin bai yi ba. Yana nan jingine a bango har yau, da makulli a jiki, kaji na kwana a ƙarƙashinsa, ko ɓarawo bai tanka masa ba.

Gidanmu ya yi sanyi. Miya ta koma kuka ba nama, daga baya ko man ma sai a hankali. Yaya da ke fita tun asuba ya koma zaman zaure, yana juya hular fulogin nan a hannu. Abokan aikinsa in sun wuce suka yi masa hon, sai ya kau da kai. Rannan na ji yana waya da wani, suna maganar ramukan haƙar zinariya can gabas, inda samarin garinmu ke tafiya, wasu su dawo, wasu sai dai labari. Da na yi masa magana ya ce in bar shi, namiji ba ya zama mata su ciyar da shi.

Sai Bappa ya kira. Inno ta ce in sa a sifika don kunnenta ba ya ji sosai. Bayan gaisuwa ya ce yaron ya burge shi da farko, ba zai ɓoye ba. Amma wane irin mutum ne za a ba shi aron abin da gida guda ke ci da shi, ya je ya yar a lungu? Ya ce duk wanda ya zo gidansa yanzu, har limamin unguwa, cikin zaure yake shigo da mashin, shi da kansa ya sa aka kafa ƙarfe a wurin don ɗaurewa, saboda birnin ya lalace. Da yaron ya yi sallama ya ce ga abin hawa, da an buɗe masa ƙofa.

"Inno, wanda bai riƙe amanar ƙarhe ba, ba ni ba shi amanar ɗiyar ɗan'uwana. In akwai wani dalili, shi hwaɗa min kahin Juma'a. In babu, a mai da mishi kayan gaisuwa nai."

Inno ta ce to, Alhaji. Abin da ta ce ke nan. Na kalle ta ina jiran ta roƙa, ta ce yaro ne, kuskure ne, ita da ke kiransa ɗanta. Ta miƙo min wayar, ta tashi.

A ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, na zazzage wa Ja'afar ta waya. Na rubuta masa cewa ya kashe ni, ya kashe Yaya. Na ce a gaban idona aka karanta masa komai dalla-dalla, sarƙa tana naɗe a bayan mashin, me ya hana shi? Girman kai ne, ko kunyar shadda ce ta hana shi durƙusawa ya ɗaure taya? Na ce ya ba ni dalili ɗaya da zan kai wa Bappa, ko na ƙarya ne. Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Daga ƙarshe ga abin da ya zo:

"Khairi, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki yafe min. Ki kula da Inno."

Na yi jifa da wayar kan katifa. Ina sonsa, ba zan yi muku ƙarya ba, amma a lokacin haushinsa ya fi son yawa. Na ce wato ni ban kai a gaya min gaskiya ba.

Yau Alhamis. Da hantsi hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɗakin Inno yana da wani wuri da ke yoyo, daidai kan akwatin ƙarfenta na aure. Tana kwance da zazzaɓin da ya ƙi sakinta tun ranar da mashin ya ɓata, don haka na shiga in ja akwatin gefe. Yaya yana zaure, jakarsa a ɗaure, don ya ce gobe bayan masallaci zai bi motar masu haƙa.

Inno ta ɗago kai ta ce in bar shi, ruwan ba zai yi komai ba. Na ce kayanta za su jiƙe. Ta ce in bari dai. Ban saurara ba, na ja. Wani ƙunshi da aka cusa tsakanin akwatin da bango ya zame ya faɗo a kan siminti da nauyi. Mayafinta ne, ruwan goro mai ɗigon baƙi, wanda ta yafa ranar Asabar. Bakinsa ya warware, na ga baƙin tiyub na keke, na ga ƙaton kwado.

Na daɗe a tsugune. Duk gidan, har ni, mun ɗauka sarƙar ta tafi tare da mashin.

"Inno, mi na wanga?"

Ta juya fuska bango. Da ta fara magana sai da na matsa kusa kafin in ji. Ta ce ita ta kwance ta. Ta ce wa Ja'afar ba a zuwa gidan surukai da sarƙa, in ya ɗaure mashin a ƙofar Alhaji kamar ya ce unguwarsa ta ɓarayi ce. Ta ce masa ya sauka tun daga nesa, inda ba za a ji ƙarar inji ba, ya ƙarasa da ƙafa, haka masu tarbiyya ke yi. Ya ce mata Yaya ya yi masa gargaɗi. Ta ce shin Ɗanliti ne ya haifi Khairi ko ita? Sai ya miƙa mata.

"Don ke niy yi, Khairi. Tsoro nika ji Alhaji shi kore shi awa wancan mai hon."

Garin neman gira an rasa ido. Na tuna kalma huɗun da ya turo min daga Bodinga, na tuna durƙusonsa gaban Yaya, na tuna abin da na rubuta masa. Mutumin nan ya yarda a kira shi sakarai, ya yarda ya rasa ni, don kada ɗa ya ɗaga ido ya kalli uwarsa da wannan abu. Kuka ya zo min, na danne shi da gefen hijabi.

Na ce mata gobe Juma'a. In Bappa ya ji wannan, zai san Ja'afar biyayya ya yi, ba sakaci ba. Ta riƙo hannuna, tafinta zafi rau.

"In Alhaji ya jiya, Ɗanliti ya jiya. Gobe za shi tahi ramun nan. Kina son shi tahi da ni ga zuciya tai? Ɗan mutane ya ruhe min asiri, ke da nih haihwa za ki tona?"

Na sa hannu in mayar da sarƙar cikin mayafin kafin in san abin yi. Ashe tiyub ɗin ya tsage ta gefe, rabin sarƙar ya sulluɓe ya zube a siminti. Ban lura ruwan ya ɗauke ba sai a lokacin, gidan ya yi tsit, ƙarar ta fita har tsakar gida.

Mutumin da kullum sai ya ɗaure sarƙa ya kwance, safe da yamma, ba ya manta muryarta. Na ji takunsa daga zaure, a hankali, cikin ruwan da ya kwanta. Ya tsaya bayan labule, ina ganin ƙafafunsa ta ƙasa. Inno ta ƙara matse hannuna.

"Khairi," in ji Yaya Ɗanliti, muryarsa ƙasa-ƙasa, "mi na na ji ya hwaɗi nan ciki?"

A ɗaya hannun nawa kwadon ne, kuma tsakanina da shi labule kawai.